Ƙatuwar ko Mai Murfi

Litinin, 6 ga Oktoba

Na raka Yaya wankin ƙoda. Awa huɗu cur yana kwance, allura biyu a hannun hagu, inji na jan jini yana mayarwa. Talabijin ɗin ɗakin ba murya. Waya kuma ya ce ta ishe shi, kowa sai "ya jiki, ya jiki."

A mota ya ce Umma ta tsinci kaset ɗin gem ɗinsa guda uku a ƙasan akwatinta, na tun muna firamare. Ita 'yar na'urar hannun da ake buga gem ɗin ta daɗe da mutuwa. "Auta, da za a samu irinta..." Bai ƙarasa ba. Rabon Yaya da ya ce yana son wani abu tun kafin ciwon nan.

Likita ya sake tayar da maganar dashen ƙoda. Matar Yaya jininsu bai dace ba, Umma shekaru sun ja, babban yayanmu kuma hawan jini. Ba wanda ya kalle ni. Gara a ce sun kalla.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ina tashi daga makaranta na wuce layin masu gyaran waya. Can ƙarshe akwai wani shago kamar akurki, mai shi dattijo ne, kowa Injiniya yake ce masa. Na ɗauka abu ɗaya zan nuna a ɗauko min. Ashe iri uku ne.

Akwai ƙatuwar, irin ta Yaya sak, mai cin batir. Madannanta manya, tana cika hannu, amma fuskarta ba haske, sai ka karkata ta wajen taga. Akwai mai murfi, ana naɗe ta kamar madubin jaka, tana da haske, caji ake yi mata, madannan kuwa kamar ƙwayar magani. Sai ta ƙarshe, mai fuska tangaran, wadda Injiniya ya ce ba ta karɓar tsofaffin kaset. Wannan ta fita, saura biyu.

Na fi rabin awa ina juya su. Na ce zan dawo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

A ɗakin malamai na raba takarda biyu, ƙatuwar a dama, mai murfi a hagu. Malamar Turanci ta leƙo ta ce jarrabawa nake haɗawa? Littattafan 'yan aji biyu suna nan a jaka, ko ɗaya ban duba ba.

Idon Yaya ya yi rauni, don haka haske. Amma yatsunsa suna kumbura, don haka manyan madannai. To.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na koma. Injiniya ya ce, "Malama, masu zaɓen miji ma ba sa daɗewa haka." Na yi dariyar dole. Ya sa min kaset a mai murfin, kiɗan ya tashi, sai ga ni a kan dakalin gidanmu ina leƙe ta kafaɗar Yaya, ina roƙon ya ba ni ko sau ɗaya. Ba ya bayarwa. Sai ya ce hannuna da maiƙo.

Injiniya ya ce igiyar cikin murfin kan tsinke in ta tsufa. Ƙatuwar kuwa ko mota ta taka ta, sai ta tashi. Ya sake dagula min lissafi. Ban saya ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na kira Yaya na tambaye shi. Ya ce, "Kowacce." Na ce ba wata kowacce, ya zaɓa. Ya ce, "Auta, na gaji," muryarsa can ƙasa. Na ajiye wayar ina jin haushinsa, sannan na koma jin haushin kaina.

Talata, 14 ga Oktoba

Mun yi faɗa da Abban yara, a kicin, ina tsaye kan tukunya. Na fara yi masa bayanin batir da caji, karo na nawa ban sani ba, sai ya katse ni.

"Ke fa ba gem ke damun ki ba."

Na ce me ke damuna, tunda shi boka ne. Ya ce takardar gwajin da likita ya ba kowa tana cikin jakata mako uku, duk ta yi laushi don ninkewa. Na ce wa ya aike shi jakata. Na ce yarana biyu, ƙaramar ko huɗu ba ta cika ba, in aka yanka ni wani abu ya faru fa? Ya ce shi bai ce in bayar ba, bai ce kar in bayar ba, tsoron da nake ji shi ma yana ji. "Amma ki daina azabtar da dattijon nan mai shago."

Miyar ta kama. Haka aka ci.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ban je ko'ina ba. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mai murfi. Ban ko zauna ba, na ce ya naɗe min ita. Injiniya ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdulillahi. Ya ƙara min da caja, ya ce in gaida mai jiki. Ban taɓa gaya masa akwai mara lafiya ba. Ko a goshina yake rubuce?

A hanya na fara tunanin ƙatuwar ce ta fi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mako biyu ina auna haske da batir, abu ɗaya bai taɓa zo min a rai ba: gem hannu biyu yake so.

Na bari sai da aka gama jona Yaya da inji sannan na miƙa masa. Ya buɗe murfin, fuskarsa ta saki, har da "kai, kai, kai." Yana ɗaga hannun hagu inji ya ɗau ƙara, nas ta taho da gudu ta ce hannun nan ko motsi. Ya gwada da dama kaɗai, na'urar ta zame kan bargo. Ya rufe ta a hankali ya ce, "Ba komai, na yi a gida." A gida kuwa barci kawai yake yi, duk mun sani.

Na ja kujera na manne da gadon. Na riƙe ɓangaren hagu, shi dama. Ni ke tafiyar da ɗan mutumin cikin gem ɗin, shi ke sa shi tsalle. Ramin farko muka faɗa sau bakwai. "Ki tsaya! Na ce ki tsaya! Ke har yanzu ba ki iya ba?" Na ce shi ne ya hana ni koya. Tsohon da ke gadon gefe ya shiga ba mu shawara alhali ko fuskar ba ya gani. Nas ta ce nan ba gidan kallo ba ne, amma ita ma ta tsaya sai da muka haye.

Minti ashirin ya yi, sai yatsansa ya daina dannawa. Barci. Na daɗe riƙe da nawa ɓangaren. Agogonsa ya sauko har kusan gwiwar hannu. Yaushe ya rame haka ina kallo?

Laraba, 22 ga Oktoba

Mun kai mataki na uku. Ya ce hannuna ya fara faɗawa, wai nan da shekara goma zan iya.

Da ya yi barci na sauka ƙasa neman ruwa. Ɗakin gwaji yana kan hanya, kuma ba layi, shi ya sa. Kwalba huɗu suka ɗiba. Jini ne kawai, ba wai na yanke wata shawara ba ce, ƙila ma bai dace ba. Sun ce mako guda.

Na cire audugar kafin in hau sama, na ja hannun riga. Ya farka ya ce ina na shiga, ruwan ma bai gani ba. Na ce ya ƙare.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya turo min na'urar ya ce, "Riƙe naki."