Gwangwanin Turarenki Yana Cikin Mota

Zuwa ga uwar Ilya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina kwance cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Amma ko kina raye ba kowace maganata kike saurara ba, don haka bari in yi abin da na saba.

Labarin gari bai da daɗi. Bana ma damina ta ƙi. Kamfanin ma'adinai ya ƙara sallamar mutane, layinmu rabinsa ƙofofi ne a kulle. Su Madam Rahila da kike kai wa tuwon salla sun koma Maradi, cocinsu ya rage 'yan tsofaffi. 'Yan tawaye na bakin duwatsu, sojoji na bakin gari, kowannensu yana duban mai mota kamar ɗan aiken wancan.

Ni dai ina nan da tsohuwar motata bashe mai buɗaɗɗen baya, wadda kike kira kurar ƙarfe. Ina kai ruwa cikin tano, gangunan ƙarfen nan, ga makiyayan da suka yada zango a hanyar Gugaram tun da rijiyoyinsu suka ƙafe. Kin tuna Gali, Buzun da ke kawo miki cuku? Raƙumansa sun kusa ƙarewa, jikokinsa kuma ruwan motata suke jira.

To, motar ta tsufa kamar mai ita. Injin ya saki, yana busa tururin baƙin mai ta tiyon numfashinsa, man ya jiƙa matatar iska, yashi ya manne, sai ta shaƙe ta mutu. Ta yi mini haka a tsakiyar daji, inda tsayuwa kaɗai laifi ce. Kayan gyara kuwa babu, hanya ta hana su zuwa.

Labari ya kai Damagaram, sai ga ɗanki Ilya ya taso takanas. Ya zo da mai sayen ƙarafa har ƙofar gida, mutumin yana ƙwanƙwasa mini mota kamar mai zaɓen kankana. Wai in sayar, in bi shi gida in zauna a inuwa. Wai garin nan ya mutu. Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi?

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki. Na ɗauki gwangwanin madarar nan da kike ajiye turaren wutarki, wanda ko 'ya'yanki ba ki bari su taɓa. Na dudduba gidan, shi kaɗai ne mai murfin kirki. Na juye sauran turaren a ƙyalle na adana. Na huda murfin wuri biyu, na zura guntayen bututu biyu na liƙe da dalma, ɗaya dogo har kusa da gindi, ɗaya gajere. Na cusa soson ƙarfen da kike darzar tukwane a ciki, don tururin ya sami abin da zai kama ya koma mai. Sai na yanke tiyon numfashin biyu, na sa gwangwanin a tsakiya, na ɗaure shi tsaye da robar taya nesa da zafin hayaƙi. Mai ya zauna a gindi, iska ta wuce abinta.

Ilya yana tsaye yana kallo, irin kallonki sak, na wanda ya riga ya yanke hukunci yana jira a kunyata.

Na tayar da ita, na ce ya shigo. Muka je Gugaram muka dawo, ko tari ba ta yi ba. Man da ya taru na ba Gali, yana shafa wa raƙumansa inda ƙazwa ta ci.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da injin ya yi zafi, uwar Ilya, sai ƙanshinki ya cika motar. Turarenki ya kama ƙarfen gwangwanin, zafi ya tashe shi. Ni da ɗanki ba wanda ya dubi wani. Ya juya fuska waje, wai yashi ya shigar masa ido, alhali gilashi a rufe yake.

Shekara da shekaru ina ce miki hayaƙin turaren nan na sa ni tari. Kin taɓa ganin na tashi na bar ɗakin?

Ga kuma abin da ban gaya wa yaron ba. Ke ce kullum kike cewa mu koma gida, garin nan ba ya karɓar baƙo. Sai ga shi ke kika riga ni zama ɗan gari, kin kwanta a bayansa ba ki da niyyar tashi. Na kawo ki nan kina amarya, in tafi in bar ki cikin yashi ke kaɗai? Wa zai gyara duwatsun kabarinki in iska ta watsar? Kamfani ya rufe in ya so. Masu bindiga su raba duwatsunsu. Ni ba mai fitar da ni.

Mai sayen ƙarafa na ba shi shayi na raka shi ƙofa. Ilya ya bi ayarin sojoji ya koma shi kaɗai. Kafin ya tafi na gan shi ya buɗe gaban motar yana ƙara ɗaure robar.

Akwai fili a gefenki, na nuna wa liman. Kada ki bari kowa ya tare. Ba yanzu ba dai, gobe akwai ruwan kaiwa.

Ki huta lafiya.

Mijinki mai taurin kai,
uban Ilya, Arlit