Ni Nake Rage Sautin Masu Ba da Shaida

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana, don a cocinmu kowa ya san kowa.

Ni ne mai kula da lasifika. Kowace Lahadi ina can baya kusa da ƙofa, injin sauti a gabana, wayoyi a ƙarƙashin ƙafata. Ina da 'ya ɗaya. Sa'o'inta sun shiga makaranta suna damun iyayensu da surutu, ita har yau ko "Baba" ba ta taɓa cewa ba. In tana son ruwa sai ta ja ni da riga zuwa inda kofi yake. Mun yi addu'a, mun yi azumi har mamanta ta rame. Fasto ya ɗora mata hannu, wani baƙon mai wa'azi ma ya ɗora, ya ce kafin sati ya zagayo za ta yi waƙa. Satin ya zagayo ya wuce abinsa.

To, a cocinmu akwai lokacin ba da shaida kafin wa'azi, kuma duk wanda ya tashi, ni zan buɗe masa makirfo. Wannan ya sami aiki, waccan ta haihu, wancan ciwon bayansa ya tafi. A da ina tafa musu da gaske. Daga baya na ga hannuna yana rage sautin kaɗan-kaɗan, har mutanen baya su fara miƙa wuya. Ran nan wata mai shago ta tashi tana gode wa Allah don ta mance wayarta a tasi, ta yi addu'a da safe, kafin rana ta faɗi direba ya kawo mata. Anti, na kashe makirfon gaba ɗaya. Baiwar Allah ta yi ta motsa baki ba a jin komai. Da aka tashi na ce wayar makirfon ce ta sami matsala.

Aka kira mai gyara. Ya buɗe injin, ya hure ƙura, ya ce injin ya fi shi lafiya. Zumuntar mata suka ce to aikin Shaiɗan ne, suka kewaye injin suka yi masa addu'a. Ina tsaye a wurin, har da cewa amin. Yanzu dattawa suna maganar sayen sabo.

Gaskiyar magana na gaji. In an ce a rufe ido a yi addu'a, ni fitilun injin nake kallo. Ban daina gaskata akwai Allah ba, haushinsa nake ji, kuma ina jin kunyar haka. Matata ba ta san komai ba. Ina tunanin in ajiye makullin kayan sautin in daina zuwa. Har yanzu ni Kirista ne kuwa?

Mai Lasifika

Ɗan'uwana Mai Lasifika,

Kai Kirista ne, gajiyayye. Mutum ba ya jin haushin wanda ya riga ya cire rai da shi. Bayin Allah da yawa kafin kai sun yi masa ƙorafi da babbar murya, bai kore su ba. In addu'ar da ta rage maka ita ce "Ubangiji, na gaji," yi ta haka, ba sai ka yi mata ado ba.

Amma mai shagon nan ba ta yi maka laifi ba. Ba amsar addu'arka aka ɗauka aka ba ta ba, kuma ka kunyata ta a gaban jama'a. Je ka sami fasto a cikin satin nan, kafin a sayi injin da ba a bukata, ka gaya masa abin da ka gaya mini. Ita ma ka ba ta haƙuri. Za ka ji nauyi, amma ba zai kashe ka ba.

Cocinku ma yana da nasa gyaran. Inda ake ba waɗanda aka amsa wa addu'a fili kowace Lahadi, ya kamata a riƙa tuna waɗanda suke jira. Faɗa wa fasto wannan ma, cikin ladabi. Kada ka ajiye makullin, ka nemi wanda za ku riƙa karɓa-karɓa, ka samu ka zauna kusa da iyalinka a yi sujada da kai. Ka kuma buɗe wa matarka cikinka. Ina zargin ita ma ta gaji, tana ɓoye maka ne don kada ta karya maka zuciya.

Ka lissafa masu ɗora hannu, ban ji ka ambaci likita ba. Ku kai yarinyar a duba kunnenta, ku nemi masu koya wa yara irinta magana ko alama da hannu. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Ba zan yi maka alkawarin sati ba, an riga an yi maka. Ban san ko za ta yi magana ba. Abin da na sani, tana girma yayin da kake jira, kuma tana lura da fuskar da kake dubanta da ita. Kada ta tashi tana ganin babanta wata yarinyar yake jira ta zo a madadinta.

Ubangiji ya riƙe ku, ku ukun.

Anti