Ƙodarka da Ke Jikina

Baban Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Unguwar Boro tana nan yadda ka bar ta. Saratu ta shiga jami'a. Tankar da ta kife da kai a hanyar Rido an gyara ta, wani ke tuƙawa. Mama, mahaifiyarka, kuma ba ta fasa ba: kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ta biyo, ta ɗora hannu a marata, daidai inda aka dasa mini ƙodarka, ta gaishe ka. Har ƙarar ƙannenka take kawo maka. A da, dariya nake yi mata.

Yanzu ba na iya dariya. Ƙafafuna sun fara kumbura, gwajin jini kuma bai yi kyau ba. Likita ya ce mai yiwuwa jikina ya soma yaƙar ƙodar. Mako mai zuwa za su tsakuro ɗan namanta da allura su duba.

Na tambaye shi, bayan shekarun nan duka, jikina bai san ka ba? Ya ce garkuwar jiki kamar 'yan bangar unguwa take, baƙo kawai take gani. Amma a cikinta akwai wasu ƙwayoyin jini 'yan kaɗan, ana ce musu T masu tsawatarwa, aikinsu su hana 'yan uwansu taɓa na gida. Masu bincike na gwada ɗebo su daga jinin mai ciwo, su yawaita su, su mayar, ko jiki zai karɓi ƙodar ba sai an yi ta danne shi da magani ba. Na ce a yi mini. Ya sunkuyar da kai, ya ce har yanzu gwaji ne, kuma ba a nan ba.

Kai da ko a gidan biki ba ka baƙunta, yau kai ne baƙo a jikina? Ban taɓa tsallake maganin da ke hana jikina yaƙarka ba, Allah ne shaida.

Tsoro nake ji, Bulus. Ina tsoron komawa kan injin wankin ƙoda, ina tsoron barin Saratu ita kaɗai. Amma akwai wanda ban faɗa wa kowa ba, ko fasto. Ranar da aka sa ka a ƙasa ban zube ba, domin na san wani ɓangarenka ya biyo ni gida da rai, yana aiki. In ya tsaya, ni ce zan zama kabarin.

Jibi Lahadi. Mama za ta zo, za ta miƙo hannu. Me zan ce mata?

Ka huta lafiya. Amma don Allah kada ka tafi duka tukuna.

Taka,
Maman Saratu