Na Ce wa Binta Za Ki Ji

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwar 'ya'yana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ke faɗa, 'yarmu Zainabu ke rubutawa, kin san ni da alƙalami ba mu taɓa shiri ba. Na hana ta gyara mini magana.

Kin tuna a asibiti, kwana biyu kafin ki tafi, kika ce, "Alhaji, in ka je Matruh ka gaishe mini da ƙawata Binta." Shekara biyu gaisuwar nan tana wuyana. Yara suka ce a kira ta a waya, khalas, shi ke nan. Na ce amana da ƙafa ake kai ta.

Ranar Talata ɗanmu Sani ya ɗauko mota muka bar unguwarmu Hay el-Sabi', muka nufi garin Matruh. Ya kunna matar nan ta waya mai nuna hanya, na ce ya kashe ta. Ni za a koya wa hanyar da muka bi sau goma sha ɗaya?

Mun yada zango a Iskandariya, gidan Malam Ilu tela. Idonsa ya tafi, da tarina ya gane ni. Ya sa aka gasa kifi. Na cire tsokar ciki na ajiye miki gefe yadda na saba. Sai da ta huce na tuna babu mai ci.

Daga nan teku yana hannun dama. Ko in ce katanga, don sun jera gidajen hutu sun kare shi. Wurin da kika fara tsoma ƙafa kika ce, "Ashe nan ruwan Maraɗi ya gudo," na nema na rasa. Amma masu ɓaure suna nan bakin titi. Na sayi kwando ɗaya.

A Matruh ɗan Binta ya tare ni a ƙofa. Ya ce tsufa ya taɓa tunaninta. Sau uku ana gaya mata rasuwarki, kowane karo sabon makoki take yi, ta ƙi abinci kwana da kwanaki. Ya roƙe ni kada in faɗa. Kin san ni, ina saurayi ma ban iya ƙarya ba, balle yanzu.

Na same ta bakin taga tana kallon ruwa, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Ta gane ni. Na ce Rabi tana gaishe ki. Gaskiya na faɗa, ko ba ke kika aiko ni ba? Ta amsa, ta yi dariyarta ta dā, ta ce kin zama 'yar birni kin manta mutane. Ta ci ɓaure biyu. Da na tashi tafiya ta riƙe bakin rigata, ta ce in gaishe ki, in ce ta yi fushi amma ta huce.

Bakina ya riga ni, na ce, "Za ta ji."

Duk hanyar dawowa teku yana hagu, ban kalle shi ba. Na je in sauke kaya, na dawo da wani a kai.

To Rabi, ga shi. Binta tana gaishe ki. Ta yi fushi, amma ta huce.

Allah Ya isar miki, Ya sa ban yi wa tsohuwa ƙarya ba. Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Mijinki mai taurin kai,
Alhaji Mamman