Ruwan Randar Masu Waƙa

Tsafe, daren Lahadi, watan Sha'aban

Inna ta aike ni in jawo Yaya Sani daga rumfar leburorin hanyar jirgi, Kiristocin nan da sunka zo daga kudu. Na rantse mata giya suke sha. In ba giya ba, mi zai sa mutum ya kwana da yunwa ya tashi da waƙa?

Na iske rumfar tana yoyo. Bitrus, wanda ƙarfen dogo ya murƙushe wa ƙafa har Bature ya sallame shi, yana rawa da sanda, yana kiran Yesu. Yaya na gefe yana kaɗa kai.

Na nufi randarsu, na ɗebo, na shinshina, na kurɓa. Ruwa ne, har da laka.

Bitrus ya ce, "Ƙara, ɗan'uwa, shi kaɗai gare mu."

Na ce, "Wa ne ɗan'uwanka?" Sunka fashe da dariya, har da Yaya. Bai biyo ni ba.

Inna ta tare ni bakin ƙofa: "Giyar ce?" Na raɓa ta na shige ɗaki.

Akwai dai abin da suke ɓoyewa. Da giya ce, da na fasa randar na jawo shi gida. Wannan kuwa, mi zan fasa?