Daɓen Ɗakin Inna Ya Yi Sanyi

Chuncheon,
Kwana goma sha huɗu bayan sabuwar shekara.

Zuwa ga Yayata Gil-ja,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da ke hana ki hawa bene. Shekara arba'in kina ɗaga marasa lafiyan Jamus, dole gwiwa ta nemi hakkinta. Mu nan muna lafiya gwargwado. Maigidana Chun-sik yana nan da tasinsa da surutunsa, 'yata Hye-rin ta samu aiki a Incheon, ni kuma ina nan bakin teburin kifina a kasuwa. Sanyin bana ya yi tsanani, har kogin ya daskare tun kafin ƙarshen shekara.

Na zaɓi in rubuta maimakon in buga waya, domin bakina bai gama warkewa ba, ɗinki huɗu ne a leɓena, kuma na san idan na ji muryarki kuka zai hana ni magana. Ga maganar a taƙaice. Inna tana gidana. Na ɗauko ta daga gidan Yaya Deok-bae da ƙarfin tsiya bayan mun yi dambe ni da shi, kuma likita ya yanke mata yatsun ƙafa biyu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin san ƙaninki da maƙo tun yana yaro. To tun da kuɗin gas ya tashi abin ya zama masa ciwo. Ya tsayar da makunnin ɗumin da ke bangon falo a lamba goma sha takwas, ya manne shi da salatif, ya rubuta a kai wai kada a taɓa. Ya liƙe tagogi da leda, ya toshe ƙasan ƙofofi da tsumma. Duk wanda ya shiga gidan sai ya sha lacca, wai kowace lamba ɗaya da ka rage riba ce, wai idan za ka fita kada ka kashe tukunyar dafa ruwan da ke bi ta ƙarƙashin daɓe gaba ɗaya, ka bar ta a ƙasa-ƙasa domin sake ɗumama daɓe mai sanyi ya fi cin gas. Gaskiya ɗaya ce, shawararsa tana aiki, ni ma na gwada na ga sauƙi, har na yaba masa a gaban mutane. Duk lokacin da na tuna wannan yabon sai in ji kamar in mari kaina.

Tun kaka, duk ranar da na je gaida Inna a falo nake samunta, an fito da ita an zaunar, cikin rigunan sanyi biyu da hula. Na ɗauka tsufa ne, mai shekara tamanin da takwas ai ba ta rabuwa da jin sanyi. Washegarin sabuwar shekara na yi sammako, Chun-sik ya ajiye ni ya tafi neman wurin ajiye mota. Matar Yaya Deok-bae, Yeong-ae, ta tare ni a ƙofa tana wani rawar jiki, wai in zauna in sha shayi yanzu za ta fito da tsohuwa. Na ce ai ba sai an wahalar da ita ba, zan shiga in yi mata gaisuwar shekara a ɗakinta. Na shiga, na haɗa hannuwa a goshi, na durƙusa. Yaya, gwiwoyina na taɓa daɓen nan sanyi ya ratsa ni har cikin ƙashi. Na shafa da tafin hannu, na shafa ƙarƙashin shimfiɗarta, ko'ina ɗaya. Gilashin taga ya yi ƙanƙara ta ciki. Inna tana ta jan bargo tana rufe ƙafafunta, sai na fizge na cire mata safa, har guda uku. Yatsu biyu na ƙafar hagu sun yi baƙi ƙirin, ga wari. Da ciwon sugan nan nata ko zafinsu ba ta ji.

Na mayar mata da bargon. Na fito na bi gidan ɗaki-ɗaki ina takawa. Falo da ɗan ɗumi. Ɗakin Yaya da matarsa da ɗumi sosai. Ƙaramin ɗakin da yake ajiye tukwanen furanninsa, waɗannan da yake goge wa ganye da ƙyalle kowace safiya, shi ya fi ko'ina ɗumi. Na wuce kicin na buɗe ƙasan wurin wanke-wanke inda kawunan bututun ruwan zafi suke. Guda huɗu ne, kowane ɗaki da nasa. Uku a buɗe, na ɗakin Inna a rufe, an ma ɗaure shi da waya don kada wani ya murɗa.

Yaya Deok-bae yana zaune a ƙasa gaban teburin cin abinci yana shan romon wainar shinkafa. Na tambaye shi tun yaushe ya rufe bututun ɗakin Inna. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce ɗakin arewa rijiya ne, duk gas ɗin da ka zuba masa shanyewa yake yi, kuma ai tsohuwa tana da tabarmar lantarki. Na ce tabarmar tana naɗe a saman kabad, na gan ta. Ya ce wannan kuma ita ta ga dama. Yeong-ae ta yi suɓul da baka ta ce ai tun ranar da ya yi faɗa a kan kuɗin wuta Inna ta naɗe ta. Ya daka mata tsawa, sannan ya juyo ya ce mini, "Ke da aka aurar, uban me ya haɗa ki da gidan nan? Je ki ki ƙirga kifinki, warinki ma ya ishe mu." Na ce to kuɗin ɗumin da Yaya Gil-ja take aiko wa Inna duk shekara fa, furanni ne suka haife shi da za su sha? Ya ce in fita kafin ya fitar da ni.

Idona ya rufe. Na sa hannu biyu na kifar masa da teburin a cinya, romo da kimci, kabejin nan mai yaji, da kwanuka duka. Ya yi ƙara ya miƙe ya kwaɗa mini mari da bayan hannu, zobensa ya tsaga mini leɓe, na ji bakina ya cika da jini. Na ci kwalarsa, ya damƙi gashina ya ja ni har kicin ya buga kaina da firji sau biyu. Na samu babban yatsansa na gantsara masa cizo, ban saki ba sai da na ji ƙashi. Yana sakina na ruga ɗakin furannin, na dinga ɗaukar tukwanen ina rotsawa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina ce masa ga iyayenka nan, zo ka yi musu gaisuwar shekara. Wallahi kukan da ya yi a kan tukwanen nan bai yi shi ranar da aka binne Baba ba. Ya yo kaina da sandar goge daɓe, ya sauke mini ita a kafaɗa har ta karye. Na jefe shi da tukunyar da ta rage a hannuna, ta fasa masa gira. Yeong-ae kuwa maimakon ta raba mu, ƙofa ta je ta danne da bayanta tana roƙonmu mu rage murya kada maƙwabta su ji. Kafin in bar falon sai da na kama makunnin nan nasa da salatif ɗinsa na tumɓuke shi daga bango.

Ana cikin haka Inna ta rarrafo daga ɗaki da sandarta. Na ɗauka shi za ta yi wa magana. Ni ta maka wa sandar a ƙwauri. Ta ce ita ta ce ya rufe bututun, ita ba ta jin sanyi, mutanen da suka ga yaƙi ba sa buƙatar daɓe mai zafi. Ta ce na kunyata mata babban ɗa a makon sabuwar shekara, mara kunya, mai bakin kasuwa, da ta san haka zan zama da ta bar ni a gonar kabeji ranar da ta haife ni. Yaya, wannan ya fi marin zafi. Amma na riga na ga yatsun. Na durƙusa na saɓa ta a baya. Hawa huɗu na sauko da ita, tana dukan kaina da hannu bibbiyu tana zagina, tana kiran Deok-bae ya zo ya ƙwace ta. Bai fito ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kwandon kifina ya fi ta. A ƙasa muka haɗu da Chun-sik rungume da kwalin 'ya'yan itacen da muka kawo musu tsaraba, ya ga jini a rigata, ya juya ya ɗauko mota. A asibiti likita ya ce da an ƙara mako guda, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi.

Ina roƙonki abu biyu. Kada ki sake aika wa Deok-bae kuɗi ko won ɗaya da sunan Inna. Sannan idan kin kira ta, kada ki zage shi a kunnenta, ba ta iya ɗauka, ni na gwada na gani.

Bayan an sallamo ta na ba ta ɗakinmu, mu muka koma falo. Na ɗaga makunni zuwa ashirin da biyar. Ba ta yi mini magana, abinci ma sai Chun-sik ya miƙa take karɓa. Da na tafi kasuwa sai ta dafa bango ta je ta mayar da shi goma sha bakwai. Kullum da safe kuma sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa, wai ɗanta zai zo ya mayar da ita gida, uwa ba ta mutuwa a gidan suruki. Wannan ne ya hana ni sukuni, domin na san idan ta ce za ta bi shi ba ni da ikon hanawa, kuma na san ba za ta ga bazara a ɗakin nan ba.

Jiya da rana Deok-bae ya zo, da filasta a gira da bandeji a yatsa. Na ƙi buɗewa. Ya dinga dukan ƙofa da ƙafa, wai mutanen unguwa suna zunɗensa, wai in fito masa da uwarsa ko ya kira 'yan sanda. Sai ya sassauta murya ya ce wa Inna ta fito su tafi, ya kwance wayar, zai riƙa buɗe mata bututun awa uku kowace rana. Ba zan ɓoye miki ba, ina tsaye a bayan ƙofar da wuƙar fiɗar kifi a hannuna. Inna ta zo tana ɗingishi, ta tsaya a kan ƙullin kayanta. Ta daɗe tana kallon ƙofar. Ta kalli wuƙar, ta miƙo hannu, na ba ta. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Deok-bae, je ka gida. Ƙafata ba za ta iya hawa benenka ba." Ya kira ta sau uku, ba ta amsa ba, muka ji saukarsa.

Na zaunar da ita ina wanke mata ciwon. Can sai na ji yatsunta a kan leɓena, tana shafa ɗinkin a hankali. Ta ce Deok-bae hannun ubanku ne da shi, ta san nauyinsa. Ni ban taɓa jin ta faɗi haka a kan Baba ba, ke fa? Sannan ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Mal-sun, ƙara wutar nan kaɗan. Ƙasusuwana ciwo suke yi." Na tashi na kai shi ashirin da bakwai, na shige banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni, na yi kuka har na gode Allah.

Ki gaishe mini da maigida, da ɗanki Min-jae da matarsa, da 'yarki Seo-yun da 'yan biyunta. Chun-sik da Hye-rin suna gaishe ki da kyau. Inna tana barci yanzu, ƙafafunta a waje, babu safa. Allah ya haɗa fuskokinmu tana raye.

Ƙanwarki,
Mal-sun