Ƙarshen Labari a Ƙunshin Daddawa

Ƙanwata Basira,

Gaisuwa daga Turkiyya. Ya jikin Baba, ya Inna da mutanen Nahuce? Ni lafiya lau, karatu sai godiya. Sanyi ne kawai, kuma nakan yi mako ban ji Hausa ba sai a bakina.

Littattafan da kika cusa mini a jaka su ne abokan hirata. Na farkon haushi ya ba ni, yarinyar kuka take daga bango zuwa bango kamar mai yankan albasa. Na yi jifa da shi, na ɗauko, ƙarshe na taya ta. Na direban da ya ɓace a hanyar Legas kuwa ya tafi da ni. Ina kaiwa inda matarsa ta ji ana buga ƙofa, sai na tarar an yage sauran!

Jiya na kwance daddawar da Inna ta ƙunsa mini, sai ga shafi biyu na littafin direban. Na karanta ina toshe hanci. Har yanzu baiwar Allah takalmi take nema, ba ta buɗe ba.

Allah ya yi miki albarka, ki ce wa Inna ta ƙaro daddawa, amma ta ƙunsa da shafin ƙarshe.

Yayarki,
Murjanatu